Yadda na sa wa littafina kuɗi a waya, daga kafe har zuwa ranar da aka fitar da shi

Mata masu son fara rubutu suna yawan yi min magana ta WhatsApp, kuma tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne. Nawa zan sa wa littafina? Ina ake karɓar lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi? Dole ne sai an yi rajistar haƙƙin mallaka? Buga shi a takarda ya fi ko sakinsa a waya? Amsa wa kowa da saƙon murya ya fara cinye min data, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda tawa ta kasance tun daga farko. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa, babu wutar gwamnati da za a dogara da ita a wajenmu, sabis kuma sai an fita tsakar gida an ɗaga waya. Kuɗaɗen da zan ambata waɗanda na biya ne a 2024, don haka kada wata ta riƙe su ta je tana musu da mai shago a yau.

Labarin a takarda na rubuta shi, cikin littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, yawanci da daddare bayan yara sun kwanta. Da ya kammala sai maganar mayar da shi cikin kwamfuta ta taso. Ƙanena ya raka ni wani kafe a Ringim ranar da babu makaranta. Yaron da ke taifin ya juya littattafan, ya ce naira 200 kowane shafi, muka yi ciniki ya tsaya a 150 saboda aikin da yawa. Ya ce in dawo bayan mako biyu. Mako biyun nan sai da ya haifi 'ya'ya, domin lokacin cike fom ɗin jarabawa ne, ɗalibai sun cika shagon, kuma duk wanda ya zo da kuɗi a hannu shi ake fara sallama. Ga janareta da ba a tayarwa sai aiki ya taru. Da aka gama, shafi 260 ya fito, na biya naira 39,000. Duk wadda za ta kai aiki kafe ta tafi da filashinta, ta kuma sa a tura mata kwafi ta imel ko WhatsApp duk lokacin da aka gama wani kaso, kada ta jira sai ƙarshe. Kwamfutocin kafe kowa na cusa musu filashi, ƙwayar cuta ba ta rabuwa da su.

A nan ne na gamu da abin da babu wanda ya taɓa gaya min. Na buɗe fayil ɗin a wayata sai na ga duk inda ya kamata a ga ƙ, wata alama ce mai kama da baka, ɗ ta koma wata alamar, ɓ ma haka. Na kira yaron raina a ɓace, ya ce wallahi Malama a kwamfutarmu lafiya lau yake. Gaskiyarsa ce. Ashe da salon rubutun Rabi'at ya buga, ɗaya daga cikin waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar tun kafin wayoyi su san haruffanmu masu ƙugiya. Sun yi wa Hausa aiki sosai a madaba'u, amma sai na'urar da aka sa mata su take nuna su daidai. Idan PDF za a yi babu matsala, domin yana tafiya da salon rubutunsa. Idan kuwa za ki riƙa kwafo shafuka kina zubawa a guruf, to sai an bi an canza su zuwa haruffan da kowace waya ke ganewa. Mun koma kafe, aka yi amfani da wurin nema da musanyawa aka canza su gaba ɗaya, bai ɗauki awa guda ba. Tun daga lokacin na sa Hausa a allon rubutun Gboard na wayata, ƙ da ɗ da ɓ duk suna ciki, littafi na biyu ma a wayar na rubuta shi kai tsaye.

Sai gyara. Da yawa daga cikinmu muna tsallake wannan matakin, ana gani kuma a rubutunmu. Maigidana ya haɗa ni da wani malamin Hausa da suka yi karatu tare, ya karɓi aikin a kan naira 30,000, rabi kafin ya fara. Ya daɗe da shi, har na fara jin nauyin tuntuɓa. Da ya dawo da shi kuwa, jan biro ya cika kowane shafi: inda na haɗe kalmomin da ake rabawa, inda na raba waɗanda ake haɗewa, inda na kira wata da suna a babi na uku na canza mata suna a babi na sha ɗaya, da wani wuri da na sa amarya ta haihu wata shida da biki ba tare da labarin ya nufi haka ba. Ya ce min, "Malama, labarinki yana da rai, amma kin bar mai karatu yana yi miki aikin da ke ya kamata ki yi." Ban ji daɗin maganar ba a ranar. A duk kuɗin da na kashe, wannan ne ban taɓa jin ciwonsa ba daga baya. Bango kuma wani yaro ne a Facebook ya haɗa min a kan naira 8,000, na gaya masa ban yarda ya ɗauko hoton 'yar mutane daga intanet ya liƙa ba, ya yi zanen ƙofar zaure da fitila.

Har zuwa wannan lokacin burina in ga littafin a takarda, in riƙe shi a hannu, in kai wa Baba kwafi. Muka shirya da maigidana muka shiga motar Kano da sassafe, ta Ringim da Gezawa, muka sauka a tashar 'Yankaba, muka hau adaidaita zuwa wata madaba'a da aka kwatanta mana. Mai wurin dattijo ne mai fara'a. Ya duba fayil ɗin, ya ce idan aka tsara shi a girman littafi zai haura shafi 300. Ya ɗauko kalkuleta ya yi ta dannawa, sannan ya juyo da ita muka gani: kwafi 500, naira miliyan ɗaya da dubu ɗari. Kowane kwafi ya tashi a 2,200 ke nan tun bai bar madaba'a ba. Maigidana ya ce, "Alhaji, a duba mana dai." Ya yi dariya ya ce, "Malam, ni ma dubawa ake yi min. Takardar nan daga waje ake shigo da ita, da dala ake sayenta. Masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku da aka gina don su wadatar da ƙasar nan, ina suke? Ga filet, ga tawada, ga man janareta." Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan da ya biyo baya, in ji shi, farashin da ya faɗa da safe ba ya iya rantsuwa a kansa da yamma. Ya ƙara da cewa idan muka buga dubu, kuɗin kowane kwafi zai sauka, domin filet, wato farantin da injin ke buga shafuka da shi, ɗaya ne ko kwafi nawa za a buga. To wanda bai da kuɗin 500 ina zai ga na dubu?

Daga nan muka leƙa wajen masu sayar da littattafai a Sabon Gari. Wanda muka samu bai ɓoye mana komai ba. Ya ce zai karɓa ya ajiye, amma ba ya biya sai an sayar, kuma zai cire nasa kason a kowane kwafi. Ya nuna mana kantar da a da littattafan soyayya na ɗaya da na biyu da na uku ke cika ta, yanzu littattafan makaranta da na addini ne a kai. Ya ce matan da ke aiko yara saye duk sun koma waya. Ya kuma tuna mana cewa duk littafin labari da za a baza a kasuwar Kano, akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jihar, wadda aka kafa tun 2001, kuma gara marubuci ya bi ta wajenta kafin ya zuba kuɗinsa a bugu. A mota muna dawowa na yi lissafi: sai na sayar da kwafi a kan 3,500 kafin ni da mai shago mu ga wani abu. Na duba matan da na sani masu karatun labari, tun daga ƙauyenmu har Gujungu, ban ga mutum biyar da za su cire wannan kuɗin su sayi littafi ba alhali ana neman na cefane. Maganar takarda a nan ta kwanta.

Duk da haka na nemi lambar ISBN, saboda ina sa ran wata rana zan buga, kuma ina son littafin ya shiga lissafi. A Nijeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne kaɗai ke bayar da ita, kuma suna da reshe a Kano, ba sai an je Abuja ba. Abin da aka nema a wajena: takardar neman lamba da na rubuta na sa hannu, kwafin katin shaidata tunda ni ba kamfani ba ce (kamfanin ɗab'i takardar rajistarsa yake kaiwa), da shafukan farko na littafin, wato shafin suna, shafin haƙƙin mallaka, gabatarwa da abin da ke ciki. A lokacin kuɗin ba a hannu ake bayarwa ba, ta Remita ake biya cikin asusun gwamnati a kawo shaida, don haka a tanadi lokacin zuwa banki ko kafe a ranar. Ma'aikaciyar da ta saurare ni ta yi min bayani a natse. Lambar tana da alƙaluma 13. Littafin waya da na takarda kowanne da tasa lambar, ko da labarin ɗaya ne. Kuma idan aka buga, doka ta ɗora wa mai bugawa ya kai musu kwafi uku su ajiye. Kada a ɗauka wannan lambar tana hana sata, shaidar gane littafi ce kawai. Ra'ayina, wadda za ta sayar a guruf ɗin WhatsApp kaɗai ba ta da buƙatarta, babu mai karatun da ta taɓa tambayata ita. Wadda ke son shiga kantunan littattafai ko ɗakunan karatu ko makarantu, ita ce za ta nema.

Maganar haƙƙin mallaka ta fi sauƙi fiye da yadda ake tsorata mu. A dokar ƙasar nan, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a 2023, da zarar kin rubuta abu naki na kanki, haƙƙinsa naki ne ko ba ki je ofishin kowa ba, kuma yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, magada su ci gajiya. Rajistar da ake yi da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ba tilas ba ce, amfaninta ki samu takardar shaida idan rigima ta taso. Ta intanet ake cike fom ɗin, a ɗora kwafin aikin, a biya, a jira satifiket. Ƙanena ne ya yi min a kafe. Ban jefar da littattafan da na rubuta da hannu ba, suna cikin akwati, su ma shaida ne.

Sai tambayar a ina za a sayar. Ƙanena ya dage sai mun duba Amazon, kamfanin Amurka mai sayar da littattafai ta intanet, wai a can ake samun dala. Muka zauna muka karanta sharuɗɗansu. A wancan lokacin, littafin da aka sa wa kuɗi tsakanin dala 2.99 da 9.99, marubuci na iya samun kashi 70 cikin ɗari, wanda ya gaza haka ko ya haura kuwa kashi 35 ne. A lokacin da muka duba, Hausa ba ta cikin jerin harsunan da suke karɓa. Ko da tana ciki ma, dala uku a canjin wannan shekarar ta haura naira dubu huɗu, wace mai karatuna ce za ta biya, da wane kati? Abin da na ƙaru da shi a wannan binciken shi ne, ashe rigimar kuɗin littafin waya ba tamu ce mu kaɗai ba. Da Amazon ta fito da na'urar karanta littattafai mai suna Kindle a 2007, ta riƙa sayar da sababbin littattafai a kan dala 9.99, manyan kamfanonin ɗab'i suka ga an karya darajar hajarsu. A 2012 gwamnatin Amurka ta kai Apple da kamfanonin ɗab'i biyar kotu kan haɗa baki don ɗaga farashi, a 2013 kotu ta samu Apple da laifi, daga baya ta biya dala miliyan 450. Masu kuɗin duniya ma sai da alƙali ya shiga tsakaninsu a kan nawa ya dace a sayar da littafin da ba shi da takarda. A gida kuma akwai manhajoji irin su ArewaBooks, akwai Wattpad inda ake karatu kyauta. OkadaBooks da marubutanmu da yawa suka zuba littattafai a ciki ta rufe a ƙarshen 2023, wannan ya sa na ƙudurta cewa ko ina zan sa littafi, asalin fayil ɗin da sunayen masu sayena suna hannuna. Na tsaya a WhatsApp, inda masu karatuna suke.

Daren da zan yanke farashi na ɗauko takarda na tara abin da na kashe. Taifin 39,000, gyara 30,000, bango 8,000, kuɗin mota da abinci a hanya da data da cajin waya a shagon mai sola kusan 28,000. Jimla 105,000, ban da kuɗin lamba da na rajista, ban kuma sa ko sisi na wahalar rubutun ba. Idan na sa 300, sai mutum 350 sun biya kafin uwar kuɗi ta dawo. Idan 500 ne, mutum 210. Idan 1,000 ne, 105. A takarda dubu ɗaya ta fi kyau, amma ni sabuwa ce, babu wanda ya san alƙalamina, kuma a lokacin dubu kuɗin manyan marubuta ne waɗanda ake jiran littafinsu tun kafin su fara. Na tsaya a 500.

Washegari na gaya wa maƙwabciyata, wadda ta girme ni kuma ta fi kowa cin littafi a unguwarmu. Ta ce, "Ke kuwa, ɗari biyar ta me? Ba takarda, ba tawada, turawa kawai za ki yi. Da can da naira ashirin nake hayar littafi a shago in karanta in mayar." Na ce, "Yaya, turawar ce kyauta, abin da ake turawar ba kyauta ya samu ba," na nuna mata lissafina. Ta duba, ta gyaɗa kai, sannan ta kawo nata lissafin da ni ban yi ba. Ba ta da asusun banki, sai ta ba yaro ya kai wa mai POS, shi kuma ya cire naira 100 ladan turawa. Sai ta sayi data. Sai ta biya caji. Ɗari biyar ɗina kafin ta iso hannuna ta zama kusan ɗari takwas a wajenta. Ta ce kuma littafin takarda idan ta saya nata ne, ta ara wa kishiyarta, ta ajiye a ƙarƙashin katifa shekara goma, ko ta ba mai ƙosai. Wannan kuwa an ce kada ta tura wa kowa, ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka sace shi ke nan. Ban sami abin da zan ce mata ba, domin gaskiya ta faɗa. Mai sayen littafin waya abin da yake samu bai kai na mai sayen takarda ba, don haka bai kamata kuɗinsu ya yi kusa ba. Amma masu cewa tunda babu takarda sai a ba su kyauta, su ma sun manta takarda ba ita ce ta zauna ta ƙirƙiro labarin ba. Daga hirar nan na ɗauki alƙawari guda, na kuma rubuta shi a sanarwa: duk wadda ta biya, idan wayarta ta lalace ko ta canza layi, zan sake tura mata ba tare da ƙarin ko kwabo ba.

Na fara da shafukan kyauta kamar yadda kowa ke yi. Na saki babi goma a gurufofin karatu da Facebook, na tsaya a daidai inda uwar miji ta shigo da takarda a hannu, na rubuta cewa daga nan littafin kuɗi ne. Na buɗe guruf biyu, na 500 da ake sa babi ɗaya kullum, da na VIP a kan 1,500 da ake sa babi uku. Ranar farko jikina har rawa yake duk lokacin da waya ta yi ƙara. Aikin karɓar kuɗi ya fi yadda na zata wahala. Wata za ta turo shaidar biya alat bai shigo ba, sai in rasa ko in sa ta ko in jira. Wata ta turo hoton shaidar da aka goge kwanan wata aka gyara. Da yawa katin waya suke turowa, shi kuma idan za ki mayar da shi kuɗi sai an rage miki, don haka daga baya na ce mai biya da kati ta sa 600. 'Yan Nijar, waɗanda suna cikin masu karatun da suka fi kowa cika alƙawari, da sefa suke biya ta Nita ko Amana, sai da na samu wata baiwar Allah a Maraɗi tana karɓar min tana turo min naira. Na sayi littafin rubutu guda na musamman, duk wadda ta biya in rubuta sunanta da lambarta da ranar da abin da ta biya. Kada wata ta dogara da ƙwaƙwalwarta ko tarihin hira a waya, rikicin "na biya ba a sa ni ba" wannan littafin ne kaɗai ke kashe shi.

Kafin labarin ya kai ƙarshe, mutum 240 da 'yan kai sun shiga na 500, talatin sun shiga VIP. Kuɗi ya kama wajen 165,000. Na biya bashin da na ci wajen maigidana, na ga ragowa a hannuna, na fara tunanin abin zai ci gaba da shigowa a haka. Sai wata safiya wata mai karatu ta turo min hoto: ga littafina nan cikakke, an haɗe shi fayil guda, yana yawo a wani guruf na Telegram mai dubban mutane, har an cire sunana daga saman wasu shafukan. Babi biyun ƙarshe ko 'yan 500 ba su gani ba tukuna, wato daga VIP aka fitar. Na zauna a bakin gado na kasa ko karyawa. Na yi wa mai guruf ɗin magana, ya ce shi ma turo masa aka yi, ya goge, amma a lokacin ya riga ya shiga wurare goma. Masu biya suka ɗauke ɗif kamar ruwan sama a ƙarshen damina. A watan da ya biyo baya mutanen da suka saya ba su kai goma ba, biyu daga ciki ma cewa suka yi sun riga sun karanta na satan, zuciyarsu ce ba ta kwanta ba suka zo biya.

Na so in cika gurufofi da Allah ya isa kamar yadda ake yi. Maigidana ya hana ni, ya ce wadda ta fitar ba za ta ji ba, waɗanda suka biya su ne za su sha zagin da ba nasu ba. Shi ne ya gaya min cewa Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, ba ya halatta a ci. Na rubuta wannan a saman guruf da lafazi mai laushi. Satifiket ɗina yana nan, amma bin wanda ban san fuskarsa ba zuwa kotu daga ƙauyenmu, kuɗin mota kaɗai ya fi abin da zan ƙwato. Abin da ya ɗan share min hawaye shi ne wani mai tashar karanta littattafai a YouTube da ya nemi izini da kansa, muka daidaita a kan 40,000. Na sa mun rubuta a takarda cewa izinin karantawa da murya kaɗai na ba shi, ba na fim ba, ba na bugawa ba, kuma zai ambaci sunana a kowane kashi.

A cikin wannan watan ne 'yar yayata da ke Kazaure ta nuna min abin da take sayarwa. PDF ne mai shafi 12 kan yadda ake haɗa humra da turaren wuta, da awon kowane haɗi da inda ake samun kayan a Kano, naira 3,000, kuma ana saye ba a ko neman ragi. Ni shafi 260 ana yi min ƙorafin 500. Da farko abin ya ba ni haushi. Da na natsu sai na ga mai sayen nata tana lissafin kwalba nawa za ta sayar ta mayar da kuɗinta, mai sayen nawa kuwa daɗin dare biyu take saye. Yawan shafi ba ya cikin lissafin kowa a cikinsu. A labari kuma, abin da na fahimta shi ne mutanen da suka biya ni ba fayil suka saya ba, tunda sun san ko ba daɗe ko ba jima zai fito kyauta. Sun biya ne don su riga kowa karantawa, su yi sharhi a guruf da zafinsa, su zagi uwar miji tare, su roƙe ni kada in kashe wance. Wannan ba ya cikin fayil ɗin da ke yawo a Telegram. Don haka wadda za ta sa farashi, ta tara abin da ta kashe, ta raba shi da adadin mutanen da take da yaƙinin za su biya kafin a saci littafin a baza shi, ba adadin waɗanda za su karanta shi ba. Masu karatu dubbai ne, masu biya ɗaruruwa. Idan abin da ya fito ya fi ƙarfin matan da take rubuta wa, to kashe kuɗin za ta rage, ba farashin za ta ƙara ba. Ta kuma tuna da naira ɗarin mai POS da datar da aka ƙara wa kuɗi a farkon 2025, domin duk daga aljihu ɗaya suke fita.

A littafi na biyu ban je kafe ba, ban nemi lamba ba, kuɗin gyara da bango kaɗai na kashe. Na sa 700, na soke VIP, kowa yana samun babi a lokaci guda. Ban tura cikakken fayil ga kowa ba sai da labarin ya ƙare da wata guda, kuma kowane PDF da zan tura sai na sa lambar wayar mai shi a ƙasan shafukan, aikin da ke cin lokaci amma ya sa masu turawa suna tunani sau biyu. Matan ƙauyenmu da na makwabta na ce su haɗu uku-uku su biya kuɗin mutum biyu, su kawo min a hannu a makaranta ko ranar kasuwa, ba sai sun bi ta wajen mai POS ba. Bayan wata shida na mayar da shi 300 ga duk wanda bai karanta ba.